Grands Montets da garin Chamonix: inda gwanayen zamiyar ƙanƙara ke gwada ƙwanji

Duk wanda ya tambaye ni inda zai nufa a Turai lokacin hunturu, in dai ya riga ya iya zamiya a kan dusar ƙanƙara kuma yana neman dutsen da zai ba shi aiki, amsata ɗaya ce: Grands Montets, a kwarin Chamonix da ke gabashin Faransa. Shamoni ake furta sunan garin. Sai dai ina gindaya sharaɗi tun daga farko. Wannan dutse ba wurin koyo ba ne. Wanda bai taɓa ɗaura allunan zamiya a ƙafa ba ya zo Chamonix lafiya lau, akwai filayen koyo a ƙasa irin su Les Planards da Le Savoy da La Vormaine, da malamai masu takardar shaida, amma ya bar Grands Montets sai ya ƙware.

Kwarin dogo ne siriri, kogin Arve na bi ta tsakiyarsa. Garin na zaune a mita 1,035 sama da teku, Mont Blanc kuma na tsaye a kansa da mita 4,800 da 'yan kai. Wuraren zamiya ba a haɗe suke ba. Les Houches na can ƙasa a bakin kwarin, Brévent da Flégère na saman gari, Grands Montets na saman ƙauyen Argentière, kimanin kilomita 8 gaba, Balme kuwa na can ƙurya dab da iyakar Suwizalan. Kowace safiya sai ka zaɓi dutse ɗaya ka hau bas ko jirgin ƙasa. Na ji masu ƙorafi a kan haka, ni kuwa alheri na gani a ciki, domin yana tilasta maka duba sama da iska kafin ka yanke shawarar inda za ka yini.

Hanya mafi sauƙi ita ce sauka a filin jirgin sama na Jeniba. Daga nan sa'a ɗaya da kwata ce a mota idan hanya lafiya, kuma akwai ƙananan bas-bas da ake kama kujera ta intanet tun kafin a taso. Bizar Schengen guda ta wadatar a ƙasashen biyu, amma a wurin Faransa za ka nema tunda can za ka fi daɗewa. Mai tahowa daga Faris ta jirgin ƙasa zai sauka a Saint-Gervais-Le Fayet ya canza zuwa ƙaramin jirgin Mont-Blanc Express da ke hawa kwarin. Ban ga amfanin hayar mota ba. Doka ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙar taya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, wurin ajiye mota a gindin dutse kan cika tun da hantsi, kuma tikitinka na hawa dutse ya isa ka shiga bas ɗin kwarin. Ka kuma karɓi katin baƙi a masaukinka, da shi ake hawa jirgin ƙasa kyauta tsakanin Servoz da Vallorcine.

Argentière na kusan mita 1,250. Daga tashar jirginta zuwa gindin dutsen tafiyar kamar minti goma ce da ƙafa, bas kuwa a bakin ƙofa yake ajiye ka. Motar igiya ta Plan Joran, wato akwatin da ke rataye a igiya yana hawa da mutane, mai cin mutum goma, za ta kai ka sama da mita 2,100. Ka gangara kaɗan zuwa Lognan, mita 1,972, nan ne cibiyar dutsen. Daga nan hanya ta rabu biyu: motar igiya ta Bochard mai kaiwa mita 2,765, da kujerar igiya ta Herse mai kaiwa kusan 2,600. A da akwai babbar motar igiya da ke kai mutane har mita 3,275, amma gobara ta cinye tasharta ta Lognan ranar 11 ga Satumba, 2018. Lokacin da na je ana kan gina sabuwa, wadda ofishin mai zanen gine-gine Renzo Piano ya tsara. Ka duba shafin kamfanin Compagnie du Mont-Blanc, mai kula da motocin igiyar, kafin ka sayi tikiti, don sanin abin da ke buɗe.

Hanyoyin zamiya a Faransa launi huɗu ne gwargwadon wuyarsu: kore, shuɗi, ja, baƙi. A Grands Montets shuɗi kaɗan ne ƙwarai, kuma jar hanyarsa ta fi baƙar wasu ƙananan wurare wuya. Kana fitowa daga tashar Bochard iska ce za ta fara tarbarka. Ka ɗaga kai za ka ga tsinin Les Drus da Aiguille Verte mai mita 4,122, ka sunkuyar kuma ga rufin gidajen kwarin can ƙasa ƙanana. Mutane kan yi shiru a wurin, kowa na gyara tabarau da safar hannu, ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfen gefen allo yana kankare ƙanƙara idan wani ya fara gangarawa. Jar hanyar Bochard na sauke ka kusan mita 800 zuwa Lognan. In ka ɗora da Pierre à Ric, wadda ke ratsa itatuwa har Argentière, ka sauko mita 1,500 ke nan ba tare da ka zauna ba. Baƙar hanyar Chamois kuwa hagu take karkata, ta faɗa kwarin Pendant, ta ƙare a kujerar Retour Pendant. A ɓangaren Herse akwai Combes ja da Blanchots baƙa, inda dusar kan taru tudu-tudu kamar kunyoyin doya, wasu har gwiwa, saboda kowa a wuri guda yake juyawa.

Dutsen arewa yake fuskanta, kuma wannan ne sirrinsa. Rana ba ta cin dusarsa, shi ya sa yakan kai farkon Mayu a buɗe bayan wasu sun rufe. Amma a Janairu sanyinsa ba na wasa ba ne, kuma da safe hanya kan yi tauri kamar dutse. A irin wannan hali abin da ke kayar da mutum kusan kullum guda ne: tsoron gangare ya sa ya ja jikinsa baya. Da zarar nauyi ya koma dunduniya, gaban allo ya daina kama ƙasa, allon ya tsere, cinya ta ɗauki wuta kafin a yi juyi goma. Maganinsa ka danna ƙwaurinka a jikin gaban takalmi, hannuwa a gaba, kafaɗu suna kallon ƙasan gangare, nauyi a kan ƙafar da ke ƙasa, ka kafa sanda kafin kowane juyi. Inda ya fi ƙarfinka, ka juya allunan a gicciye ka sulale gefe-gefe a hankali. Gwanaye ma haka suke yi. In ka faɗi a kan tauri kana sulalewa, ka yi maza ka juyo da ƙafafu ƙasa ka kafa gefen allo, domin duk daƙiƙar da ta wuce gudun ƙaruwa yake.

Rabin matsalolin nan daga shagon haya suke farawa. Takalmi da santimita ake auna shi, tsawon ƙafarka daidai. In ka miƙe tsaye yatsu su taɓa gaba kaɗan, in ka lanƙwasa gwiwa su ja baya, dunduniya kuma kada ta ɗaga. Baƙi da yawa kan ɗauki wanda ya fi su girma don ya fi daɗi a shago, sai ƙafa ta riƙa yawo a ciki, farce ya yi baƙi, allo ya ƙi bin umarni. Safa ɗaya tak, doguwa, siririya, ta ulu. Safa biyu na matse jijiya, ƙafar ta fi yin sanyi. Mai shago zai tambaye ka nauyi da tsawo da shekaru da iyawarka, ya saita maƙalar da ke riƙe takalmi a kan allo. Ka gaya masa gaskiya. In an tsananta ta, ba za ta sake ka ba ranar faɗuwa, sai jijiyar gwiwa ko ƙashin ƙwauri ya biya. In an sassauta ta da yawa, allo ya fice maka a tsakiyar gangare. Wanda zai fita wajen hanyoyin da aka gyara ya nemi allo mai faɗin milimita 95 zuwa 105 a ƙarƙashin ƙafa, kuma a wasa masa gefensa. Hular kwano dole ce a wurina. Tufafi hawa uku: na jiki mai tsotse gumi, na tsakiya mai ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Auduga kada ta taɓa fatarka, tana riƙe gumi ta huce a jikinka kana zaune a kujerar igiya. Kuma baƙar fata ba ta hana ƙunar rana a nan, domin sabuwar dusa na mayar da har kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata da ido. Ka shafa man kariya, kada ka cire tabarau.

Sunan Grands Montets a duniya ba daga hanyoyin da aka gyara ya fito ba, daga filayen da ke tsakaninsu ne: kwarin Pendant, gangaren Lavancher, da faffaɗan fili a ɓangaren Herse. Ranar da dusa ta kwana tana zuba, kafin azahar an gama tattake su. A nan nake so mai karatu ya tsaya ya saurare ni da kyau. Sawun wasu ba shaidar lafiya ba ne. Iska na kwashe dusa daga wani gefen tudu ta jibge a ɗaya gefen, ta daddale ta zama faifai guda a kan wani shimfiɗi mai rauni a ƙasa. Mutum tara na iya wucewa lafiya, na goma ya taka inda faifan ya fi siranta, ya tsage, gangaren gaba ɗaya ya tafi da shi. Mafi yawan irin wannan zaftarewa a gangare mai digiri 30 zuwa 45 take aukuwa, wato daidai inda zamiya ta fi daɗi. Alamominta a fili suke: tsaga na gudu daga bakin allonka, ƙasa na yin wani dum a ƙarƙashinka, ko ka hango inda ta zaftare a gangare irin naka.

Hukumar hasashen yanayi ta Météo-France na fitar da rahoton haɗarin zaftarewa kowace yamma, mataki 1 zuwa 5, kuma ana kafa shi a gindin kowane dutse. Mataki na 3 ne ya fi cin rayuka, domin a 4 da 5 mutane na tsorata su zauna, a 3 kuwa sai a ga ai tsakiya ne. Mai fita wajen hanya ya riƙe abu uku: na'urar neman wanda dusa ta binne, shebur na ƙarfe, da dogon tsinken da ake naɗewa. Na'urar a jiki ake ɗaura ta, ƙarƙashin riga, ba a jaka ba, kuma a nisanta ta da waya aƙalla santimita 20. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko, kusan tara cikin goma na rayuwa. Bayan minti 35 abin ya koma kusan ɗaya cikin uku. Jirgin ceto ba kasafai yake isowa cikin wannan lokaci ba, abokin tafiyarka ne zai tono ka, don haka ku gwada na'urorin tare tun a ƙasa. A gangare mai shakka a sauka ɗaya bayan ɗaya, a tsaya a gefe inda dusa ba za ta biyo ba. Mutanen kwarin ba sa wasa da wannan magana, ba su manta da 9 ga Fabrairu, 1999 ba, ranar da dusa ta zaftaro kan gidajen Montroc, gaba kaɗan da Argentière, ta kashe mutum 12.

Shi ya sa kuɗin da na fi ganin amfaninsa a Chamonix shi ne na jagora. Ƙungiyar Compagnie des Guides, wadda aka kafa a 1821, ita ce mafi tsufa irinta a duniya, kuma ofishinta na Maison de la Montagne kusa da cocin Saint-Michel. A ginin ne kuma ofishin La Chamoniarde yake, inda ake ba da labarin halin da tsaunuka ke ciki kyauta. Lambar gaggawa 112.

Da jagora ne za ka yi Vallée Blanche, doguwar zamiya a kan kogin ƙanƙara daga tsinin Aiguille du Midi. Motar igiyar Aiguille du Midi, da aka buɗe a 1955, tana tashi daga cikin gari, ta yada zango a Plan de l'Aiguille, mita 2,317, ta kai ka gindin tsinin da ke da mita 3,842 cikin kamar minti 20. Za ka fita ta wani rami da aka haƙa cikin ƙanƙara, ka tsinci kanka a kan siririn doron dusa, hagu da dama duk gangare ne mai zurfi. Allunan na goye a jakarka, ɗamarar igiya a ƙugu, jagora na riƙe da kai ta baya, ƙarafa masu haƙora a ƙarƙashin takalmi. Taku ɗaya bayan ɗaya, hannu a kan igiyar da aka kafa, ido a kan inda ƙafa za ta sauka. Bayan nan sai kusan kilomita 20 na zamiya a kan kogin ƙanƙara, ta ƙarƙashin Mont Blanc du Tacul, ta gefen tarin ƙanƙarar Géant da ke tsaye kamar gine-gine, ta bukkar Requin, har shimfiɗar Mer de Glace. Gangaren kansa bai kai na Bochard ba. Haɗarin na ƙarƙashin ƙafa: tsagogi masu zurfin gomman mitoci da siririyar dusa ta rufe. Don haka ka bi sawun jagora, ka tsaya a samansa ba a ƙasansa ba, kuma kada ka cire allunan biyu lokaci guda, domin su ke rarraba nauyinka. Yinin kan ci sa'a 4 zuwa 6. A ƙarshe sabuwar motar igiya da aka buɗe a 2024 ta ɗaga ka zuwa Montenvers, mita 1,913, ka hau jan jirgin ƙasa mai haƙora zuwa gari. Kafin a gina ta sai an taka matakala fiye da 500, domin ƙanƙarar na ta narkewa tana yin ƙasa shekara bayan shekara.

Akwai maganar da ta shafe mu fiye da Turawan da ke rubuta littattafan jagora: sikila. A saman Aiguille du Midi iskar da kake shaƙa ba ta kai kashi biyu cikin uku na ta bakin teku ba. Ga mai ciwon sikila wannan haɗari ne babba, kuma ko mai AS da bai taɓa jin komai ba yana iya samun toshewar jini a saifa a irin wannan tsayi, musamman in ga gajiya ga ƙishirwa. Ka san ko kai AA ne ko AS ko SS, ka ga likita kafin ka taso. Ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari na nufin a sauko nan take a nufi asibiti. Sauran jama'a ma su yi kwana biyu a ƙananan duwatsu tukuna, su yawaita shan ruwa. Zafi kan ragu kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000, wato saman tsinin ya fi gari sanyi da kusan digiri 18, ban da iska. Ba a hawa da yaro ɗan ƙasa da shekara 3.

Garin kansa shi ne rabin dalilin zuwa. Ba ƙauyen da aka gina don baƙi ba ne, gari ne mai mazauna kusan 9,000, da makarantu da kasuwar Asabar a dandalin Mont-Blanc, inda ake sayar da cuku da zuma da burodi. A nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Babban titinsa na masu ƙafa na ɗauke da sunan likita Paccard, wanda shi da Jacques Balmat suka fara taka saman Mont Blanc ranar 8 ga Agusta, 1786, kuma a bakin kogi akwai mutum-mutumin Balmat yana nuna wa masanin kimiyya Saussure dutsen da yatsa. Wanda ya zo da iyalin da ba sa zamiya ba zai bar su da kaɗaici ba. Za su iya hawa Aiguille du Midi su shiga akwatin gilashin da ke rataye a kan sarari, su hau jirgin Montenvers, su ga gidan adana duwatsu masu ƙyalli, ko su ratsa ramin mota na ƙarƙashin Mont Blanc mai kilomita 11.6 su ci abincin rana a Courmayeur ta Italiya. Na fi son kwana a cikin gari, unguwar Chamonix Sud ta fi araha kuma tashar bas na wurin. Argentière ta fi shiru, ta dace da wanda dutsen kawai ya kawo shi.

Abincin yankin na bukatar tambaya ga Musulmi. Fondue cuku ne da ake narkawa da farar giya. Tartiflette dankali ne da cukun reblochon, amma da naman alade a ciki. Raclette ita kanta cuku ce da dankali, sai dai tare da yankakken naman alade ake kawo ta in ba ka hana ba, diots kuma tsiran alade ne. Ka riƙe kalmomi huɗu, sans porc, sans alcool, wato ban da alade, ban da giya, sun saba jin su. Ɗaki mai kicin ya fi otal sauƙi ta wannan fuska. Amma kada ka saka kilishi ko dambun nama a jaka, Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da madara daga waje. Yinin hunturu gajere ne, Azahar da La'asar a kan dutse za su same ka. Akwai ruwa a gidajen abincin da ke sama, in ka yi alwala ka tsane ƙafa sarai kafin ka mayar da safa, domin danshi ne ke daskarar da yatsu. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa cikin watannin hunturu, ka duba kalanda kafin ka tsayar da rana.

Ranar da hazo ya rufe sama har ba ka bambance ƙasa da gajimare, ka bar Grands Montets ka tafi Les Houches, inda itatuwa ke nuna maka gefen hanya. Ranar garau a Maris ka fara da Brévent, mita 2,525, mai kallon kudu da fuskar Mont Blanc, ka gama da baƙar hanyarsa ta Charles Bozon kafin rana ta jiƙa dusar ta yi nauyi.

Tikiti iri biyu ne. Chamonix Le Pass ya ƙunshi Brévent da Flégère da Balme da Grands Montets. Mont Blanc Unlimited ya fi tsada, ya ƙara da Aiguille du Midi da Montenvers da Les Houches da Courmayeur. Inshorar Yuro 30,000 da ake nema wajen biza ba lallai ta ɗauki nauyin zamiya ba, balle ta wajen hanya, kuma a Faransa in ma'aikatan dutse suka sauko da kai a kan gadon ja, takardar biya za ta biyo ka. Ka karanta sharuɗɗan, ko ka ƙara 'yan Yuro a kullum ka sayi inshorar da ake haɗawa da tikiti. Ka kauce wa makon Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun makarantun Faransa na Fabrairu zuwa farkon Maris, lokacin layi da tsada ke nan. Tsakiyar Janairu ta fi dusa mai laushi da ƙarancin jama'a, tsakiyar Maris zuwa Afrilu kuwa yini ya fi tsawo kuma dusa ta fi cike tsagogin Vallée Blanche. Ka kama jagora tun kana gida, ka sa ranar Vallée Blanche a tsakiyar zamanka, ka bar kwana biyu a bayanta, domin iska mai ƙarfi kan sa a rufe motar Aiguille du Midi yini guda cur.